Neman kalma: abin da injin babur ke yi wa hannu a doguwar tafiya

Mai Shiri: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirin rediyo kan manyan baburan da aka ƙera don gudu da doguwar tafiya, irin su Yamaha FJR1300 da BMW R 1250 RT. Takardar da nake fassarawa da Faransanci take, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: bibrasiyon. Wadda ke tasowa daga inji nake nufi, ta bi ƙarfe ta shiga tafin hannu da tafin ƙafa. Me zan ce?

Ɗan Zango: Girgiza mana.

Mai Kabu-kabu: Girgiza ta yi girma, mai saurare zai ɗauka ƙasa ce ta motsa. Jijjiga.

Makaniken Sabon Gari: Jijjiga ta hanya ce, ƙanena, wadda gargada ke yi wa ƙugu. Rawa kuma sai kan babur ya saki ko taya ta karkace. Wannan daban take. Fistan yana hawa yana sauka, duk inda ya kai ƙarshe sai ya tsaya ya juyo, nan bugun ke fita. Naku na 125 silinda ɗaya ne, ana jin bugunsa ɗaya bayan ɗaya. Mai silinda huɗu a jere, biyu na hawa biyu na sauka, babban bugun ya kashe juna. Amma saboda karkatar biyel, sandar da ke haɗa fistan da ƙarfen da ke juyi, fistan ya fi sauri a rabin sama bisa rabin ƙasa, sai a samu ragowa mai zuwa sau biyu a kowane juyi. In inji na juyi 6,000 a minti, 100 ke nan a daƙiƙa, ragowar nan 200. Ido ba ya ganinta, sai dai hoton cikin madubi ya dushe. Ka ɗauko daga nan Damagaram zuwa Yamai, wajen kilomita 900, kafin Maraɗi hannu ya sage, yatsu na minjirya. Shi ya sa FJR ke da sanduna biyu a cikin inji masu juyawa don kashe ta, ga nauyi a bakin gidon, inda hannu ke riƙewa, ga roba a matakin ƙafa. BMW kuwa tun 1923 ta kwantar da silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Mu a gareji cewa muke inji na ɓari.

Mushe: Makyarkyata. Ita ce mai sauri, ƙanana, ba tsayawa. Kuma tunda an zo gyara, a gyara duka. Mene ne inji? Mene ne gidon? A ce makyarkyatar zuciyar dokin ƙarfe.

Mai Kabu-kabu: Mushe, dokin ƙarfe ai keke ne. In na ce wa fasinja hau dokin ƙarfe, sai ya tari wani.

Mushe: Ku kuka bar wa keke sunan. Makyarkyata dai.

Bakano a Damagaram: Gaskiya karkarwa ta fi shiga kunne. Sannan gidon da biyel ɗin nan, in shirin ya tsallaka Daura ba wanda zai gane. Daidaitacciyar Hausa ya kamata a yi a rediyo.

Ɗan Zango: To fa, an fara! Naku aron na Ingilishi daidaitacce ne, namu na Faransanci karkatacce? Ku ce mashin, mu ce moto, wa ya fi wani? Mai Shiri ma da ya ce babur, kunnen Kano yake nema.

Bakano a Damagaram: Haba yayana, ban zagi kowa ba.

Ɗan Zango: Kafin a kai wa Yamai a 1926, nan ne babban birnin ƙasar nan. Ba mu jiran kowa ya sa mana hannu a kan Hausarmu.

Mushe: Duk bakinku ɗaya, masu aro. Makyarkyata ba ta Bature ba ce.

Hajiya Mai Fassara: Mushe, karkarwa da ɓari su ma ba na Bature ba ne. Matsalar taka, ka faɗe ta sau goma cikin shiri ɗaya ka ji yadda harshe zai yi. Ɓari kuma, a rubuce ana iya karanta shi ɓarin da ake yi wa hatsi. Ɗana, ka sa karkarwar inji, a karon farko ka ƙara da cewa ita ce mai sagar da hannu. Ka bar jijjiga wa hanya.

Makaniken Sabon Gari: Na yarda, Hajiya, amma a gareji ɓari zan ci gaba da cewa.

Mai Shiri: Madalla, na gode. Karkarwar inji ta shiga takarda, gidon kuma zan ce hannun babur. Saura sunan irin baburan kansu, har yanzu jimla guda nake ja.

Mushe: Ban yarda ba, amma shirinka ne. Sunan baburan kuwa ina da shi, sai bayan la'asar.

Ɗan Zango: In da doki a ciki, Mushe, ka riƙe abinka.