A Ina Ya Kamata Kuɗin Mai Tace Gahawa Su Fara Tafiya?

Ƙanwa: Assalamu alaikum. Shawararku nake nema. Na gaji da gahawar nan mai narkewa a ruwa, ina so in fara tacewa da hannu, irin wadda ake zuba ruwan zafi a kan gari cikin mazurari mai takarda. Da na fara duba kayan sai kaina ya ɗaure: ga mazurari, ga takarda, ga buta mai dogon wuya, ga sikeli, ga injin niƙa. Abin da ke hannuna ba zai ɗauki duka ba. Yaya, na taɓa jin ka ce rabin kayan nan ado ne kawai. Har yanzu kana kan wannan maganar?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana, ƙanwata, har ma na ƙara: ya fi rabi. Ki sayi mazurarin roba da takardarsa, sauran kuɗin ki zuba su a ƙwayar gahawa mai kyau. Duk abin da ya wuce nan ba harshe yake yi wa aiki ba, ido ne. Ki duba asalin abin. A 1908 wata matar aure a Dresden ta ƙasar Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da dusar gahawa a ƙasan kofinta, sai ta huhhuda gindin wata tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta zuba ruwa. Daga nan aka samo takardar tace gahawa. Rami ne da takarda. Shekara sama da ɗari ke nan, aikin mazurari bai canza ba: ya riƙe takarda, ya bar ruwa ya wuce.

Hajiya: Yaya, araha ba ta ado. Da irin wannan shawarar na fara, kuma injin niƙa uku na saya kafin in dace. Na farko mai wuƙa ne da ke juyawa kamar fanka. Na biyu na hannu ne, haƙoransa na tangaran, sandar tsakiyar tana rawa in kana juyawa. Da na haɗa kuɗin biyun sai na ga sun kusa kai na ukun, wanda shekara biyar ke nan yana hannuna bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan yarinya ba ta san rariya ba ce tukuna. Hakkinmu ne mu gaya mata.

Yaya: Hajiya, ai ni ban ce ta sayi inji mai araha ba. Cewa na yi kada ta sayi inji kwata-kwata. Masu gasa gahawa suna da manyan injuna da suka fi duk wanda za mu ajiye a gida. Ta ce su niƙa mata.

Injiniya: Bari in raba maganar gida biyu, don Yaya yana da gaskiya a ɗaya, ya kauce a ɗaya.

A kan mazurari ina bayansa ɗari bisa ɗari, har ma zan wuce shi. Ku ɗauki mazurarin nan da ake kira Hario V60. Kusurwarsa digiri 60 ce, daga nan sunan ya fito, yana da rami ɗaya babba a ƙasa da zane-zane masu murɗawa a ciki don takarda kada ta manne iska ta rasa hanya. Wannan siffar ɗaya ce ko na roba ne, ko na gilashi, ko na tangaran, ko na ƙarfe. Na robar shi ne mafi araha, kuma shi ne ya fi barin zafi a cikin ruwa, domin tangaran mai nauyi sai ya fara shanye zafin kafin ya ɗumama. Shi ya sa mai na tangaran dole ya fara wanke shi da ruwan zafi sosai. A nan ƙarin kuɗi ba ya sayo ƙarin ɗanɗano.

Amma niƙa, a nan gizo ke saƙa. Ruwa yana janyo ɗanɗano daga kowane ɓarɓashi gwargwadon girmansa. Inji mai wuƙa sara yake yi, ba niƙa ba, sai ka samu tsaki da gari mai laushi kamar ƙura a haɗe. Ƙurar tana sakin duk abin da ke cikinta har da ɗaci, kuma ta toshe takarda ruwa ya tsaya. Tsakin kuwa ruwa bai gama shigarsa ba an gama, sai ya bar tsami. Kofi ɗaya, ga ɗaci ga tsami, kuma babu yadda za ka gyara, don in ka magance ɗaya ka ƙara ɗayan. Inji mai haƙoran ƙarfe da sanda tsayayya yana fitar da gari mai kusan girma ɗaya. Ma'aunin da masana harkar suka daɗe suna bi shi ne a janyo kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari na nauyin garin zuwa cikin ruwa. Da gari mai bambancin girma, wani sashe ya zarce wannan iyaka, wani bai kai ba.

Yaya: Duk wannan hujja ce a gare ni, Injiniya. Injin mai gasawa ya fi na gida daidaita gari.

Malam: Ranar farko kam, Yaya. Rana ta goma fa? Ƙwaya in aka fasa ta, iska ta samu ƙofa ta ko'ina, ƙamshi ya fara gudu. Akwai alamar da kowa zai gani da idonsa. In ka jiƙa sabon niƙa da ruwa ninki biyu na nauyinsa ka jira daƙiƙa 30 zuwa 45, zai kumbura yana fitar da kumfa, iskar da ta taru a cikinsa lokacin gashi ce ke fita. Garin da ya daɗe a niƙe zai kwanta shiru kamar jiƙaƙƙen yashi. Jakar giram 250, in kana amfani da giram 15 a kofi, kofi 16 za ta ba ka da ɗan saura. Mai shan kofi ɗaya a rana zai kai mako biyu da ita. Ke nan rabin gahawar da ka ce ta kashe kuɗinta a kai za ta sha shi ne bayan ƙamshinsa ya gudu.

Akwai kuma abu na biyu. In an niƙa maka, an ɗaure maka hannu. Ruwa ya wuce cikin minti ɗaya da rabi, kofi ya fito lami, ba ka da ikon ƙara laushi. Ya tsaya har minti biyar, ya yi ɗaci, ba ka da ikon sassautawa.

Ƙanwa: To na ji batun inji. Sikeli fa? Ina da cokali.

Yaya: Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekara shida ina auna da cokali ɗaya.

Hajiya: Saboda shekara shida gahawa iri ɗaya kake saya. Ka canza gashi ka gani. Wadda aka gasa ta yi baƙi ta kumbura ta yi sakayau, mai sauƙin gashi kuwa ta fi nauyi. Cokali ɗaya, nauyi daban. Kuma ruwan fa, da wane cokali za ka auna shi yana zuba? Ƙanwa, ƙa'idar da aka fi farawa da ita giram 60 ne a lita ɗaya, wato giram 15 ga ruwa giram 250. Sikeli ne ke sa in kofi ya yi daɗi yau, gobe ki iya maimaita shi. Amma a nan zan ba Yaya haƙƙinsa: sikelin kicin mai auna har giram 0.1 ya wadatar. Masu tsada irin su Acaia suna da agogo a jiki, suna saurin nuna nauyi, suna haɗuwa da waya, kuma mai shago da ke haɗa kofi bayan kofi zai mori hakan. Ke a gida wayarki tana da agogo.

Kawu: Ina ta karantawa, kuma akwai abin da ke damuna. Kun mayar da daraja abin da harshe ke ji kaɗai. Ni Chemex nake amfani da ita, wato tulun gilashi mai mazurari a samansa, kuma ba zan ce ta fi mazurarin roba fitar da ɗanɗano ba, daban dai take fitarwa, don takardarta ta fi kauri, kofin ya fito garau. Wani masanin sinadarai Bajamushe da ya zauna a Amurka, Peter Schlumbohm, shi ya ƙirƙira ta a 1941, kuma tana cikin kayan da gidan adana fasahar zamani na New York ya ajiye saboda kyawun ƙirarta. Kullum da safe nakan ɗauke ta, in riƙe wuyan nan na katako da ɗaurin fata, in ji raina ya kwanta. Abin da mutum zai taɓa kowace safiya tsawon shekaru, in yana faranta masa rai, ban yarda a kira kuɗinsa asara ba. Sannan tana haɗa wa mutum huɗu ko biyar a tashi ɗaya, ita ce mazurari ita ce tulu.

Yaya: Kawu, ban raina wannan ba. Amma kai ka saya ne bayan ka mallaki sauran. Ita tambayarta ita ce da me za ta fara.

Kawu: Haka ne. In don farawa ne, ba zan tura ta can ba. Gilashi ne, faɗuwa ɗaya ta ishe shi, kuma takardarta ta fi sauran tsada. Na dai ƙi a tafi a kan cewa ado ba komai ba ne.

Malam: Kawu ya taɓo abin da ba wanda ya lissafa. Mazurari sau ɗaya ake saya, takarda kullum ce. Mai shan kofi biyu a rana zai ci takarda 730 a shekara. Kafin ki zaɓi mazurari, ƙanwa, ki fara tambayar takardarsa: nawa take, kuma ana samunta ba wahala? Kalita Wave misali ne. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne da ƙananan ramuka uku, yana yafe wa mai koyo kuskuren zuba fiye da V60, amma takardarsa mai lanƙwasa ce ta musamman, in ta yanke miki kin tsaya.

Wasu sukan gudu zuwa matatar ƙarfe don su huta da sayen takarda. Su sani ba kofi ɗaya za su sha ba. Takarda tana riƙe man gahawa, kuma a cikin man akwai wani sinadari, kafestol, da aka tabbatar yana ɗaga kolestarol a jini. Ƙarfe yana barinsa ya wuce tare da ƙurar gari. Wanda likita ya ja wa kunne a kan wannan ya zauna a kan takarda.

Ƙanwa: Saura buta. Ita ce ta fi ba ni tsoro wajen kuɗi, musamman mai lantarki da ake saita mata zafi.

Injiniya: Ni ina ganin tana da amfani. V60 ramin ƙasansa babba ne, hannunki ne ke tsara saurin ruwa. Butar gida tana kwararo ruwa da ƙarfi, ta haƙa rami a tsakiyar gari, ruwan ya bi nan ya gudu ya bar gefe. Tetsu Kasuya na Japan, wanda ya ci gasar duniya ta masu haɗa gahawa da hannu a 2016, da V60 ya ci. Hanyarsa da ake kira 4:6 ita ce giram 20 na gari mai ɗan kauri da ruwa giram 300, a raba zubi biyar, kowanne giram 60. Zubi biyun farko, wato kashi 40 cikin ɗari na ruwan, su ke daidaita zaƙi da tsami, sauran kashi 60 su ke tsara ƙarfi. Gwada tsayar da ruwa daidai kan giram 60 da buta mai faɗin baki ki gani.

Yaya: Ka ga abin da nake faɗa? Zakaran duniya, kuma siffar mazurarinsa ita ce ta na robar nan mafi araha.

Injiniya: Mazurarin kam. Amma hanyar tasa ba ta tsayuwa sai da sikeli da niƙa mai kyau da zubi a tsanake, abubuwa ukun da ka kira ado.

Hajiya: A kan buta ba na tare da kai, Injiniya, aƙalla mai lantarkin. Zafin da ake nema tsakanin digiri 90 ne da 96. Ki tafasa ruwa, ki sauke, ki ɗan jira kamar rabin minti, kin shiga ciki. In gashin mai sauƙi ne ma ba sai kin jira ba. Kuma akwai hanyar kauce wa butar baki ɗaya: wani mazurari da ake kira Clever Dripper. Yana da makulli a ƙasa, ki zuba ruwa duka da kowace irin buta, ya jiƙa minti biyu zuwa uku, ki ɗora a kan kofi ya buɗe ya sauka. Kuɗin butar sai su tafi ga inji.

Injiniya: Wannan jiƙo ne, Hajiya, ba zubi ba. Kofin yana da daɗi, amma ba za ta koyi hannu ba.

Hajiya: Ta ce gahawa mai daɗi take so da kuɗin da ke hannunta. In hannun take son koya, ƙaramar buta mai siririn baki wadda ba ta lantarki ta isa, ta tafasa a tsohuwar butarta ta juye.

Malam: Kuma kafin ta zargi kowane kaya, ta duba ruwanta. Fiye da kashi 98 cikin ɗari na abin da ke cikin kofin ruwa ne. In yana warin kulorin, ko yana barin farin ƙanzo a gindin buta, babu injin da zai ceci ɗanɗanon.

Ƙanwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yanke: kaso mafi girma zai tafi ga injin hannu mai haƙoran ƙarfe, sai V60 na roba da takardarsa, sai sikelin kicin. Buta zan jira wata biyu in ga ko hannuna zai iya da ta gida.

Yaya: Allah ya sa albarka. Roƙo ɗaya nake yi. Jakar farko da za ki saya, ki ce su niƙa miki rabi, ki bar rabi a ƙwaya. Ranar farko ki haɗa duka biyun, ki sa wani ya miƙo miki ba tare da kin san wanne ne wanne ba, rana ta goma ki sake. In kin gane bambancin duka sau biyun, zan sayi injin ni ma.

Malam: Ta rufe rabin da aka niƙa a mazubin da iska ba ta shiga, don kada a ce ba a yi wa Yaya adalci ba. Kuma duka kofi biyun giram 15 ga ruwa 250, zafi ɗaya.