Sign up, Sign in da Log in: ina bambancinsu?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a. Masana kwamfuta ku warware mana wannan don Allah. Wani shafin a ga Log in, wani Sign in, ga kuma Sign up a ƙasa. Duk abu ɗaya ne? Kuma me ke sa mutum ya sa imel ɗinsa a ce masa an riga an yi amfani da shi, alhali nasa ne?

Mai Gyara Ikeja: Wa alaikumussalam Malam. Log in da Sign in Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, shiga ce cikin asusun da kake da shi tun farko. Facebook na rubuta Log in, Google da Microsoft na rubuta Sign in. Windows ma Log off yake cewa a zamanin XP da 7, daga Windows 8 ya koma Sign out.

Sign up ne daban. Rajistar sabon asusu ce, sau ɗaya ake yin ta. In rubutun ya rikita ka, dubi abin da shafin ke nema. Shafin shiga abu biyu yake so, imel ko lambar waya, sai kalmar sirri. Da ka ga ana tambayar suna da ranar haihuwa, ko ana cewa ka maimaita kalmar sirri, to rajista kake yi. Saƙon nan da ka ambata daga nan yake fitowa, kana neman buɗe sabon asusu da imel ɗin da ke da asusu. Koma shafin shiga, in ka manta kalmar sirrin ka danna Forgot password. Gara ma wanda aka tare. Wanda ya yi rajistar farko da imel, ya dawo ya yi ta biyu da lambar waya, babu mai tare shi, sai ya tarar da asusu fayau ya ce an yi masa kutse.

Maman Ilham Idi-Araba: Ƙari kan bayanin Mai Gyara. Maɓallin Continue with Google aiki biyu yake yi. In kana da asusu ya shigar da kai, in babu ya buɗe maka sabo nan take. Wanda ya yi rajista ta nan bai taɓa saita kalmar sirri a wannan shafin ba, don haka ko ya rubuta ta Gmail ɗinsa a gurbin ba za ta shiga ba. Ta maɓallin zai riƙa komawa, da imel ɗin da ya zaɓa ranar farko.

Sai lambar waya: in gurbin ya riga ya nuna +234, a wasu shafukan dole ka cire sifilin farko, ka sa lambobi 10 da suka rage. Masu amfani da Google Authenticator kuma, manhajar da ke ba da lambobin tabbatarwa wajen shiga asusu, lambobin nan 6 duk daƙiƙa 30 suke canzawa, kuma da agogon waya suke aiki. In agogon ya kauce za a yi ta ƙin karɓa. A mayar da shi kan saitin da ke daidaita lokaci da kansa.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. To fita fa? Rufe shafin ya wadatar?

Mai Gyara Ikeja: Ina! Rufe burauza ba fita ba ce. Lokacin da ka shiga, shafin ya ajiye 'yar shaida a cikin burauzar, tana nan har sai ka danna Log out ko wa'adinta ya ƙare. A kwamfutar kafe ko shagon buga takardu, na bayanka yana buɗewa sai cikin akwatin imel ɗinka.

Inda ya fi cin kuɗi shi ne sayen wayar da wani ya yi amfani da ita a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja. Tun daga Android 5.1 a 2015, in aka goge waya ta hanyar danne maɓallan gefe ba a cire asusun Google ba, tana tashi za ta nemi imel da kalmar sirrin mai ita na farko. iPhone na da irin wannan kulle tun iOS 7 a 2013. Mai sayarwa ya shiga saiti, wajen asusu, ya danna Remove account, sannan ya goge. A iPhone ya fita daga iCloud, wato asusunsa na Apple, wanda zai kashe Find My, tsarin neman wayar da ta ɓata. Kai mai saye, kada ka ƙirga kuɗi sai an goge ta a gabanka, ta hau intanet, ta karɓi naka imel ɗin.