Shin Amurka ta cika alkawarin 1776?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. A takardar 'yancin kai ta ranar 4 ga Yuli 1776, Amurkawa sun rubuta cewa daidai aka halicci dukkan mutane. Ni dai ina ganin sun cika wannan alkawari, ko da an sha wuya. Ƙasar da ake ciniki da baƙar fata a kasuwa ita ce ta zaɓi Barack Obama a 2008, ta sake zaɓensa a 2012.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da wanda ya rubuta maganar. Thomas Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Da suka zo rubuta tsarin mulki a 1787, wajen rabon kujerun majalisa sai suka ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku. Kuma kujerun ba na bayin ba ne, iyayen gijinsu ne suka ci riba. A 1857 kotun ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Wannan ne alkawarin?

Malam Habibu: Hajiya, duk gaskiya ne. Amma an yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutane sama da 600,000 suka mutu, aka 'yanta bayi kusan miliyan 4. Ƙasar da ba ta damu da maganar ba ba za ta zubar da wannan jinin ba.

Nura: Ku yi min afuwa, ni ƙarami ne a cikinku. Ni abin da ke ba ni mamaki, waɗanda aka ware su ne suka fi riƙe maganar. Frederick Douglass, da ya gudo daga bauta, da ita ya tsare turawa a jawabinsa na 1852. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 sun kwaikwayi takardar, suka ƙara mata a ciki. Martin Luther King a 1963 cewa ya yi an ba baƙar fata takardar banki, suka kai, aka ce babu kuɗi a asusun. Bai ce a yaga takardar ba, ya ce a biya.

Hajiya Rabi: Madalla Nura, ai nan nake. Ba a miƙa musu komai ba, ƙwata suka yi. Don haka kar a ba ƙasa ladan abin da ta hana har sai da aka matse ta.

Kawu Isa: Bari in sa baki, don na karantar da tarihin nan. Habibu, inda maganarka ta yi rauni shi ne shekarun da suka biyo bayan yaƙin. A 1870 an sa a tsarin mulki cewa ba za a hana mutum ƙuri'a saboda launinsa ba, kuma a shekarar Hiram Revels ya zama sanata baƙar fata na farko, daga Mississippi. Sai aka janye sojojin tarayya masu kare 'yantattun bayi daga kudu a 1877, komai ya koma baya. Ka hango dattijo manomin auduga ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya je ofishin rajista. Akawu bature zai zaɓo masa sashe na tsarin mulkin jiha ya ce ya karanta ya yi bayani, kuma akawun ne kaɗai mai cewa ya ci ko ya faɗi. Ko ya tsallake wannan, akwai harajin ƙuri'a. Ko ya biya, mai gonar da yake aiki zai ji labari kafin magariba, ya kore shi da iyalinsa. Shi ya sa a 1964, a wannan Mississippi ɗin, baƙar fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Doka tana rubuce kusan shekara 95, ba ta aiki.

Malam Habibu: To Kawu, amma bayan dokar zaɓe ta 1965, cikin shekara biyu sun kai kusan kashi 60. Wannan ba ci gaba ba ne?

Kawu Isa: Ci gaba ne babba, ban musa ba. Amma sai da aka fasa kawunan masu zanga-zangar neman 'yancin ƙuri'a a gadar garin Selma kafin a sa hannu. Kuma a 2013 kotun ƙoli ta soke ɓangaren dokar da ke tantance jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. Abin da aka samu ana iya rage shi.

Hajiya Rabi: Ni kuma dukiya ce ke ci min rai, don ita ake gada. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ware wa 'yantattun bayi filaye, har eka 40 ga kowane gida. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu bayi. A shekarun 1930 aka zana unguwannin baƙar fata da jan layi a taswira, bankuna suka ƙi ba su rancen gida, a lokacin da turawa ke sayen gidajen da jikokinsu ke cin gajiya yau. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan bature yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000. Wanda aka ɗaure ƙafarsa har tsere ya yi nisa, kwance igiyar kaɗai ba ya kai shi gaba.

Nura: Ga kuma 'yan asalin ƙasar, Hajiya. Sai 1924 aka ba su duka shaidar zama 'yan ƙasa, a ƙasar kakanninsu. Mata kuwa sai 1920 suka sami ƙuri'a a faɗin ƙasar.

Malam Habibu: Na ji ku. Amma ku duba George Floyd. Ɗan sanda bature ya kashe wannan baƙar fata a Minneapolis a Mayun 2020, aka gurfanar da ɗan sandan, aka yanke masa shekara 22 da rabi. A 1955 turawan da suka kashe yaron nan baƙar fata Emmett Till, masu yanke hukunci turawa zalla suka wanke su. Bambancin a fili yake.

Hajiya Rabi: A fili yake, Malam, ban ƙi ba. Sai dai rahoton farko da 'yan sanda suka fitar bai ambaci gwiwar da aka danne masa wuya da ita ba. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauka a waya. Da ba ta tsaya a wurin ba, kana ganin za a kai kotu?

Malam Habibu: Da wuya, gaskiya. To bari in rage maganata. A doka sun kai ga daidaito tun 1965, a aljihu da wajen 'yan sanda da saura.

Kawu Isa: Rabin farko ma ina da ja, Habibu. Mazauna birnin Washington, wanda kusan rabin mutanensa baƙar fata ne, suna biyan harajin tarayya, amma har yau ba su da sanata ko ɗaya, kuma wakiliyarsu a majalisar wakilai ba ta da ƙuri'a in an zo zartar da doka.