Neman labarin kakanmu da ya rasu a yaƙin duniya na biyu

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Turawan Faransa sun ɗauki kakanmu soja daga Damagaram, kuma tun da aka kawo labarin rasuwarsa a 1940 ba mu san inda aka binne shi ba. Mahaifiyata ta tsufa, burinta ta san ƙasar da ubanta yake kwance. Daga ina zan fara?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Ɗana, ka fara da dattawan gidanku, ka nemi lambarsa ta soja da shekarar da aka ɗauke shi, domin magatakardan Turawa sukan karkata sunayenmu, su rubuta Usumanu da Ousmane, su kuma haɗa mutum da sunan ubansa ko na garinsu.

'Yar Mirriya: Ka duba Mémoire des hommes, shafin ma'aikatar tsaron Faransa, inda aka jera sunayen waɗanda suka mutu mata a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Takardun sojojin Afirka kuwa da yawa suna ajiye a garin Pau na ƙasar Faransa.

Ɗan Birni: Na gode, Hajiya. Gobe zan je wurin gwaggona, ita ce ke riƙe da tsohon akwatinsa.