Neman kalma: me za mu kira "reciprocal link" da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani ɗan aiki da ya faɗo mini a makon jiya a nan Makka shi ya jawo wannan tambaya. Wani dattijo mai masaukin masu Umara a unguwar Misfala ya buɗe shafin intanet, sai wani mai sayar da dabino a Madina ya aiko masa da saƙo da Larabci yana neman su yi abin da Larabawa ke kira tabadulur rawabiɗ, wato Alhaji ya sa adireshin shafin dabino a nasa shafin, shi kuma mai dabino ya sa na masaukin a nasa. Alhaji ya miƙo mini wayar ya ce in fassara masa. Na fahimci saƙon sarai, amma da na buɗe baki sai na ji ina ta maimaita "rabiɗ", wato "link" da Larabci, shi kuwa yana kallona ta saman tabarau.

Kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san aikinsa. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, sun gina shi ne a kan lissafin da suka kira PageRank, wanda yake ɗaukar duk mahaɗin (wato "link", adireshin da ake dannawa a je wani shafi) da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaidar da ya ba ka. Shaidun kuma ba nauyinsu ɗaya ba, domin ta shafin da shi kansa ake yawan nuni zuwa gare shi ta fi ta shafin da ba wanda ya san shi, kuma shafin da ya raba shaidarsa ga shafuka ɗari, kason kowa ƙanƙancewa yake yi. Da masu shafuka suka gane haka sai suka shiga cinikin shaida, kowa ya keɓe shafi guda ya jera ɗaruruwan adireshi waɗanda babu abin da ya haɗa su da sana'arsa. A 2005 aka fito da alamar nofollow don mai shafi ya nuna cewa bai tsaya wa mahaɗin ba, a watan Afrilun 2012 kuma Google ya kawo gyaran da ake kira Penguin, wanda ya dankwafar da shafuka masu irin wannan dabara. Har yau ƙa'idodinsa suna lissafa musayar da ta wuce kima cikin maguɗi.

Kalmar mahaɗi, jam'inta mahaɗai, ta riga ta zauna, ba sai mun sake taɓa ta ba. Gardamar tana kan ɗaya rabin, wato "reciprocal". Wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ya ba da shawarar tazkiyya, kuma na ga hikimarsa, domin duk wanda ya taɓa neman gurbin karatu a can ya san darajar takardar tazkiyya, wato takardar shaidar halin ɗalibi, tana bin darajar malamin da ya sa mata hannu, kamar dai yadda lissafin Google yake. Sai dai kalmar ta fi dacewa da mahaɗin da ya zo maka daga waje ba tare da ka roƙa ba, kuma manomi a Bichi ba zai gane ta ba sai da sharhi. Wannan nau'in na fi so mu ce masa mahaɗin shaida.

Wata Hajiya daga Jidda ta ce a kira shi biki, tunda abin da ka kai wa wata ranar sunan ɗanta shi ake rama maka ranar naka. Ma'anar ramuwa tana nan, amma biki ya yi wa kalmar nauyi da shagali, mai karatu zai zaci ana maganar aure ne. An kuma ambaci mahaɗin juna, wanda a kunnena yake nuna abu guda da mutum biyu suka mallaka, alhali a nan mahaɗai biyu ne, kowanne yana gidan ɗaya.

Saboda haka na tsaya a kan musayar mahaɗi a matsayin sunan aikin a rubutu da koyarwa, domin musaya ba ta ɗauke da yabo ko zargi. Irin wadda ake yi da kowa da kowa don a yaudari injin bincike kuwa, Hausa ta riga ta tanadar mata suna tun kafin a ƙera kwamfuta, wato ba ni gishiri in ba ka manda, kuma ina ganin mahaɗin ba-ni-gishiri zai shiga baki da sauri.

Da waɗannan kalmomi na koma wurin Alhaji. Na ce masa musayar mahaɗi mai dabino yake nema, kuma tunda baƙon da ya sauka a Misfala yakan wuce Madina ya sayi dabinon ajwa, wannan musaya tana da dalili. Ya amince da ita, amma ya ce in goge wani saƙon da ya shigo daga mai sayar da tayoyin mota.

Saura "link popularity", wato yawa da darajar mahaɗan da ke nuni zuwa ga shafi. Farin jinin mahaɗi bai yi mini ba, domin shafin ne ke da farin jinin, mahaɗan shaidu ne kawai. Malamanmu na Khartum da Wad Madani, me kuke cewa a wajenku?