Kutse, Iko da Adalci: Taƙaitaccen Bayanin Shawarwarin da Aka Bayar

Wata tattaunawa kan kutse cikin kwamfutoci ta taso ne daga ƙorafin wasu matasa masana kwamfuta da ke ganin doka tana tsananta wa ƙaramin mai kutse, alhali manyan kamfanoni da hukumomin leƙen asiri suna kwasar bayanan jama'a ba wanda ya ce musu uffan. Misalin da suka fi kafa hujja da shi shi ne na Aaron Swartz, wani matashin masanin kwamfuta ɗan Amurka, wanda ya sauke miliyoyin maƙalun ilimi daga rumbun JSTOR ta layin intanet na jami'ar MIT, aka kama shi a 2011, aka tuhume shi a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1986 kan zamba ta kwamfuta, ya kuma kashe kansa a Janairun 2013 kafin a fara shari'arsa.

Waɗanda suka daɗe a harkar ba su musanta wannan son kai ba, amma sun tunatar cewa idan aka fasa rumbun wata hukuma aka watsa abin da ke ciki, talakan da lambar wayarsa da bayanan asusunsa suka faɗa hannun 'yan damfara shi ne ke kwana a ciki. A ganina, nan ne hujjar matasan ta fi rauni.

Waɗannan da suka daɗe a harkar sun ba da shawarar kada mutum ya gwada tsaron na'urar wani sai da rubutaccen izini. Wanda ya ci karo da wata ɓarakar tsaro a wata manhaja kuwa ya sanar da mai manhajar a asirce, ya ba shi wa'adin gyara, kamar kwana 90 da Project Zero, sashen binciken tsaro na Google, yake bayarwa, sannan ya nemi lauya kafin ya fallasa komai.