Spectrum ko Commodore 64: wacce zan ce a sayo mini?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke Ingila zai zo gida wata mai zuwa, ya ce in zaɓi tsohuwar kwamfuta ɗaya ya sayo mini ta hannu, ko ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K ko Commodore 64. Spectrum ce mahaifinmu ya dawo da ita daga karatu, a kanta muka tashi muna wasan Chuckie Egg, ka hau tsani ka kwashe ƙwai 12 kaji na sintiri. So nake yarana su taɓa na'urar da hannunsu, don haka kada a ce in sauke a waya. Wacce ta fi juriya?

Ɗan Fagge: Yallabai ka sauke a waya kawai, kyauta ne.

Baban Ummi: Ƙanena, ka ko karanta abin da na rubuta?

Alhaji Tsoho: Wa alaikumus salam. Ni Commodore ta ƙone ni, kuma har yau raina bai huce ba. An kawo mini ita da akwatin wutarta na asali, wannan mai nauyi kamar bulo. Kwana biyu ina wasan Jumpman, ina hawa igiya da tsani kamar yaro. Ran na uku allo ya yi baƙi. Ashe idan akwatin nan ya tsufa, wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 5 sai ta haura ta soye ƙwaƙwalwar. Ba wanda ya gaya mini. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya ce jibi. Jibin nan wata 8 ta yi. Da na karɓo, hoto ya dawo amma ba sauti. Sai da ɗan yayata ya buɗe muka ga an zare SID, wato aisin (IC) da ke fitar da sauti, abin da ya fi komai daraja a cikinta. Na koma, ya rantse haka na kawo ta. Na bar shi da Allah.

Maman Hidaya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Baban Ummi, uwargida ta san za a ƙaro tarkace a falo kuwa? 😂

Injiniya Bala: Spectrum ɗin ma ba lafiyayya ba ce. Ledar da ke ƙarƙashin maɓallan robar nan tana tsattsagewa, sai an sauya. Hotonta ta wayar eriya yake fita, sabbin talabijin da yawa ba sa kamawa da kyau. Na sayi tawa fam 40.

Kawu Sale: Fam 40 a ina? Ɗana ya biya 120 bara.

Injiniya Bala: An dai yanke shi, Kawu. Sabuwa fil a 1982 fam 175 ce.

Sani Mai Rediyo: Injiniya ka manta babban abin. Bolt 9 take ci, amma negatif ne a tsakiyar filogin. Ka cusa mata adafta ta gama-gari, ta tafi ke nan.

Injiniya Bala: Malam Sani, ka taɓa buɗe Spectrum kuwa?

Sani Mai Rediyo: Tun kafin ka shiga firamare nake riƙe da dalma. Takarda daban, hannu daban. Kuma Alhaji, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba.

Alhaji Tsoho: Ban kira sunan kowa ba.

Ɗan Fagge: Wai da gaske a kaset ake loda wasan?

Kawu Sale: Sosai. Ka rubuta LOAD "", ka danna rikoda, ka zauna minti huɗu ko biyar tana ƙara kamar gyare. Manic Miner kogo 20 ne, iska na ƙarewa kana tsalle, ni ban taɓa wuce na huɗu ba. Kana gab da gama lodi a ɗauke wuta.

Maman Hidaya: Kawu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu kwana 6 ke nan ba wuta, taransifoma ta ƙone, an ce kowane gida ya kawo kuɗin gyara.

Sani Mai Rediyo: Nawa aka yanka muku? Mu sau biyu muka haɗa, har yanzu shiru.

Baban Ummi: Jama'a, yaron nan ranar Juma'a yake son amsa fa.

Maman Hidaya: Dubu biyar kowane gida, Malam Sani, kuma ba rasit.